Kicin ɗin da Alaji Amidu Ya Yi wa Batulu

Alaji Amidu taubashina ne, uwata ƙanwar ubansa ce, don haka ina da damar faɗin duk abin da na ga dama a kansa, kuma ya san ba na rage masa ko kaɗan. Tun muna yara a cikin Zango nake kiransa bawana. Yanzu ya ba shekara sittin da biyar baya, gemu ya yi fari fat, gwiwa ta fara yi masa gardama, amma ban sauya masa suna ba.

Ubansa da ƙafa ya shigo Kumasi yana bin garken shanu daga arewa, ya ga gari ya yi masa, ya zauna. Amidu a kara ya buɗe ido, wato kasuwar shanu, kuma a can ya ƙare ƙuruciyarsa yana dillanci. Mutum ne mai ido. Sa zai sauko daga mota a galabaice, Amidu ya kalle shi sau ɗaya ya ce wannan yana ɗingishi da ƙafarsa ta baya, kuma kwana biyu bai sha ruwa ba, a duba a tarar haka ne. Da wannan idon ya gina gida a Buokrom, ya je Makka, ya aurar da 'yarsa.

Matarsa Batulu 'yar gidan malamai ce daga Ayigya Zango, mace marar hayaniya, wadda tuwonta ya yi suna har a wajen mutanen da ba sa yabon kowa. Haihuwa huɗu ta yi, ɗaya ta tsaya, Nasiba. Nasiba ta bi mijinta New York, da ta haihu sai Batulu ta tafi yi mata wankan jego kamar yadda kowace uwa ke yi. Wata uku aka ce. Amidu da kansa ya raka ta Akra, ya dawo yana cika baki wai zai huta da yawan tambayar me zai ci. Wata ukun nan yanzu ya shiga shekara ta huɗu.

Ba faɗa suka yi ba. Kullum bayan la'asar suna waya, lokacin can rana ta take. Zai tambaye ta sanyi, ta tambaye shi gwiwa, ta nuna masa jikarsa a bidiyo, su yi sallama. Kalma ɗaya ce ba ta taɓa fita daga bakinsa ba, wato yaushe za ki dawo. Girman kai ne ko kunya, ni ma ban sani ba, su mazan zamaninsa duk biyun a tukunya ɗaya aka dafa musu.

Amma kaɗaici yana cinsa, ni na gani. Ni ce nake kai masa abinci, sai in tarar da shi a baranda, rediyo a kunne yana surutu da Turanci wanda ba ya ko saurara. Ya daina zuwa kara sai ranar da ƙafa ta yarda. Gida mai ɗaki biyar, shi kaɗai, da yamma yana bin tagogi yana rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na ga ya wanke tsohon silifas ɗin Batulu ya jera a bakin ƙofa, tausayinsa ya hana ni tsokanarsa, kuma ba ƙaramin abu ke hana ni ba. So yake ta dawo, ba shi da wata buƙata a duniya da ta wuce wannan.

Wata rana ya zo shagona na sayar da hijabai a Asawase, fuska a washe.

"Humu, na gano abin da ya riƙe ta," in ji shi.

Wai a waya ta zagaya da shi kicin ɗin Nasiba, tana dariya tana cewa nan ba hayaƙi, ba ruwan sama a cikin miya, komai yana da gidansa. Shi ke nan dillali ya gama lissafinsa. Madafin Batulu na Buokrom rumfar kwano ce a bayan gida, wadda ke yoyo da damina. Idan ya yi mata kicin irin na can, me zai hana ta dawowa?

Na ce, "Bawana, ka tambaye ta mana. Baki gare ka, kunne gare ta."

"A'a. Sai dai ta gani kawai."

"To bari in zo in taya ka tsarawa."

"Ke? Ke da labari ba ya kwana a bakinki? Kafin magariba New York ta ji. Ba na son mace koraa, ko ɗaya, a cikin aikin nan."

Na ce yoo, na ji, Allah ya ba da sa'a. Wannan mutumin fa tunda ya yi aure bai taɓa sa ƙafa a madafi ba. Iyakarsa bakin ƙofa, ya yi gyaran murya, a miƙo masa abin da ya zo nema.

Ya zaɓi ɗakin ajiya da ke manne da falo, ya sa aka fasa taga, aka ja famfo, aka shimfiɗa tayil. Sannan ya hau motar haya ta trotro zuwa Anloga, unguwar kafintoci, inda ƙarar zarto ba ta barin mutum ya ji sallamar ɗan'uwansa, ya sami wani kafinta Badagombe mai suna Karimu. Abin da ya gudana a can daga bakin su biyun na ji shi daga baya, kuma labarinsu bai saɓa ba sai a wajen wanda ya fi taurin kai.

Karimu ya fara nuna masa allon nan na garin katako da ake matsewa a lulluɓe da farar fata mai sheƙi, wanda kowa ke yayi. Amidu ya ƙwanƙwasa shi, ya sa farce a gefe, ya tambaya idan ruwa ya taɓa shi fa. Karimu ya ce yana kumbura kaɗan. Amidu ya ce shi ba ya sayen dabbar da aka yi wa ƙiba da ruwa. Ya zagaya rumfar yana shafa katakai har ya tsaya a kan odum, mai nauyi, mai launin zuma, wanda gara ba ta so. Da shi za a yi ƙofofi da fuskokin durowa.

Sai maganar tsayi.

"Alaji, Hajiya dogo ne ko gajere?" in ji Karimu da Hausarsa ta Zango. "Teburin girki sai ya zo daidai kugunshi, in ba haka ba baya zai yi ciwo."

Amidu ya ɗora hannu a ƙirjinsa, daidai maɓalli na biyu na rigarsa. Nan kanta yake tsayawa. Karimu ya ja tef ya auna daga ƙasa zuwa maɓallin, ya rubuta da fensir a jikin bango. Ya ce a duk shekarunsa na kafinta ba a taɓa ba shi awon mace a jikin rigar mijinta ba.

Hinjis, ƙarafan da ƙofa ke juyawa a kansu, sun ci musu yini guda. Karimu ya fito da na zamani.

"Wannan yana da kyau sosai paa. Ka jefa kofa da karfi, shi da kanshi zai rike, ya rufe sannu-sannu. Ba kara ko kadan."

Amidu ya jefa ƙofar gwaji sau uku, tana komawa shiru kamar ɓarawo. Ya ce a mayar. Gidansa ya ƙoshi da shiru. Yana son irin wanda idan mace ta rufe kabad a kicin, wanda ke baranda zai san akwai mutum a gidan. Karimu ya yi ta bayani cewa masu kuɗi yanzu marar ƙara suke nema, Amidu ya ce su masu kuɗin matansu na gida.

Mariƙan ƙofa kuwa, sai da ya ɗauki samfuri huɗu ya zuba a aljihu ya tafi da su. Mako guda yana yawo da su, a masallaci ma suna ƙara idan ya yi ruku'u. Dogon mai kaifin baki ya ce zai kama mata mayafi. Ƙaramin ƙulli mai santsi ya ce hannu mai mai ba zai riƙe shi ba. Daga ƙarshe ya tsaya a kan wani mai lanƙwasa, mai kauri, wanda yatsu huɗu ke shiga a sake, domin ya tuna yatsunta na yin tsami idan damina ta yi nisa. Na yi mamakin da ya san wannan, ban ɓoye masa ba.

Abu ɗaya ne Amidu ya hana Karimu yi irin na Turawa. Ya ce tuwo ba a tuƙa shi a tsaye. Bai taɓa ganin Batulu tana tuƙi ba, amma shekara da shekaru yana jin ƙarar kujerarta 'yar tsugunno idan ta ja ta gaban murhu. Saboda haka aka yi wani ɗan dandamali ƙasa-ƙasa a lungu don murhun gas na tuwo. Karimu ya tambaye shi ta wane gefe za a bar fili, ta wane gefe kuma dogon kabad zai tsaya.

"Wace irin tambaya ce wannan? Fili a dama mana. Da wane hannu ake aiki?"

Haka aka yi. Dogon kabad ya tsaya a hagun murhu, manne da shi. Durowar wuƙaƙe da ludaya a dama, ƙugiyoyin rataye muciya a dama, ƙofofi goma sha ɗaya duk an ɗaura su yadda hannun dama zai ji daɗi. Mako uku Karimu yana aiki a gidan, kuma mako ukun nan su ne Amidu ya fi walwala a cikin shekara huɗu. Ya sami wanda zai yi wa faɗa, ya sami wanda za su ci ƙosai da koko tare da safe.

Da aka gama ya aiko in zo in gani, ba don shawara ba, don in ji haushi. Gaskiya kicin ya yi kyau. Ƙamshin sabon katako, odum yana ɗaukar ido, ƙofofi suna rufuwa da ƙara mai daɗi. Na yaba har sau biyu. Sai na ja kujerar da ya ajiye gaban murhun tuwo na zauna, na ɗauki muciya don in gwada. Ina zama na gane matsalar. Kafaɗata ta hagu tana gogar dogon kabad, ko tafin hannu ba zai shiga tsakaninmu ba.

Na daɗe ina kallon wurin. Na so in yi shiru, wallahi na so.

"Bawana, wa ka yi wa kicin ɗin nan?"

"Wace irin magana ce? Hajiya mana."

"Hajiya bahaguwa ce."

Ya yi dariya, ya zaci irin wasanmu ne. Ya ce shekara talatin da shida tana miƙa masa abinci da dama, tana ci da dama, tana rubutun allo da dama, yau ni zan zo in sauya mata hannu.

Na ce ya zauna. Na gaya masa abin da duk macen da ta taɓa dafa abincin suna ko na biki tare da Batulu ta sani. Da hagu aka haife ta. A gidansu na malamai kakarta takan ɗaure mata hannun da ɗankwali a bayanta lokacin cin abinci, a makaranta kuma bulala ta ƙarasa sauran. Ta koyi ci da dama, gaisuwa da dama, bayarwa da karɓa da dama, duk abin da ido ke gani. Amma wuƙa da muciya sun ƙi. Da dama tuwonta gudaji yake yi, albasa kuma sai ta haɗa da yatsa. Da aka kawo ta amarya, uwarsa Inna Safia, Allah ya jiƙanta, ta kama ta tana tuƙi da hagu, ta sa aka zubar da tukunyar gaba ɗaya, ta ce ɗanta ba zai ci abin da hannun tsarki ya tuƙa ba. Tun daga ranar Batulu take girki da bayanta a ƙofa. Gyaran muryar nan tasa da yake yi a bakin madafi, ita ce ke ba ta lokacin mayar da muciya ɗaya hannun.

"Inna ta rasu shekara ashirin ke nan," in ji shi.

"Ta rasu, amma ba wanda ya ce wa Batulu an ɗage dokar."

"Nasiba ta sani?"

"Nasiba ta sani. Matan layinku sun sani. Mai kawo mata gawayi ma ya sani."

Ban taɓa ganin fuskar Amidu haka ba. Na yi niyyar in ce masa kai da kake gane ƙafar da sa ke ɗingishi da ita daga nesa, amma na haɗiye. Ya tashi ya fita bayan gida, ya shiga tsohuwar rumfar, karo na farko a rayuwarsa. Na bi shi. Ya tsaya yana kallon inda kujerarta ta ci ƙasa, da inda take jingine muciya, da ƙusar da take rataye ludayi. Duka a hagu suke, a fili, ba wanda ya ɓoye su.

"Kullum ina ce mata hannunta akwai albarka," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ashe ban ma san hannun ba."

Washegari ya kira Karimu. Karimu ya riƙe kai.

"Alaji, ai na tambaye ka! Yanzu sai na cire kabad duka, na juya kofa goma sha daya. Ramin sukuru zai nuna fa."

"Ya nuna."

Aka ciro dogon kabad aka kai shi ɗaya bangon. Aka kwance hinjis aka mayar ɗaya gefen, aka sauya wa mariƙai wuri, aka cike tsofaffin ramuka da garin katako da gam. Durowar wuƙaƙe ta koma hagu. A kwanakin nan idan na kawo abinci sai in tarar da Amidu shi kaɗai a kicin, hannun dama a aljihu, yana buɗe ƙofofi da hagu, yana zama a kujera yana juya muciya a tukunyar da ba komai, yana duba ko gwiwar hannu za ta bugi wani abu. Ya sa Karimu ya sauko da ƙugiyoyi har sau biyu. Abin dariya ne a ido, dattijo da gemu yana tuƙa iska, amma ni ban iya dariyar ba.

Ranar nunawa ya ce in zo in riƙe masa waya, wai shi ba ya iya juya kyamara. Ƙarya yake, 'yar rakiya yake nema. Ya sa farar riga har da turare. Bayan la'asar muka kira. Batulu ta ɗauka tana kicin ɗin Nasiba, da ɗankwali a ɗaure, tukunya a wuta.

"Hajiya, akwai abin da zan nuna miki," in ji shi.

Na bi bango da wayar a hankali. Ta yi salati, ta ce Alaji wannan gidanmu ne? Ta ce kai, odum ne? Yana ta buɗe ƙofofi yana rufewa don ta ji ƙararsu, yana nuna mata mariƙi, yana cewa yatsu huɗu ke shiga. Tana dariya tana sa albarka. Sai na kawo wayar kan murhun tuwo, da kujerar, da filin da aka bari a hagu, da muciya a rataye a wannan gefen. Dariyar ta tsaya.

"Humu, matso da shi," ta ce.

Na matso. Ta ƙura wa muciyar ido.

"Alaji, wa ya gaya maka?"

"Baiwata ce. Da na yi shi a dama, sai da aka kwance."

Ta sa bakin ɗankwali ta share ido. "Shekara talatin da shida," ta ce. Ba da faɗa ta faɗa ba.

"Ki yafe mini. Da na sani, da tun ranar da Inna ta zubar da tuwon nan na yi magana."

"Ba komai, Alaji. Ya wuce."

Sai ya tattara duk ƙarfin da yake da shi ya yi tambayar da ya shekara huɗu yana riƙewa. "To yaushe za ki zo ki gwada shi?"

Batulu ta sunkuyar da kai. Ta ce Nasiba na da ciki wata biyar, kuma likita ya ce ta rage tsayuwa. Ta ce jikar nan ta saba da ita, ba ta cin abincin kowa. Ta ce bari Nasiba ta sauka, a yi wanka, sannan a ga abin da Allah zai yi. Mu duka ukun mun san irin wannan maganar, da irinta aka fara tafiyar farko. Sannan ta ƙara abin da na tabbata shi ne gaskiyar zancen.

"Kuma Alaji, a nan ko cokali na ɗauka da hagu ba mai kallona. Na saba. Ban san na gaji ba sai da na huta."

Amidu ya gyaɗa kai. Bai roƙa ba, bai yi fushi ba. Ya ja kujerar 'yar tsugunno ya zauna a kai, gwiwa tana ƙara, ya karɓi wayar daga hannuna ya jingine ta da tukunya a kan sabon murhun.

"Me kike dafawa?"

"Tuwo ne, yanzu zan tuƙa."

"To ajiye wayar inda zan gan ki. Ki tuƙa in gani."

Har ta fara miƙa hannun dama saboda sabo. Sai ta mayar da shi, ta ɗauki muciyar da hagu. Na ga yadda kafaɗarta ta saki, tuwon yana juyawa yana bin ta, sumul, ba gudaji ko ɗaya. Amidu ya matso da fuskarsa kusa da gilashin, ya yi tagumi.

Na ɗauki kwanukana na fita ban yi sallama ba. Har na kai ƙofar gida ina jiyo bugun muciyarta a cikin wayar.